Hannun da Ya Ƙi Sakin Babur

Jiya da dare mafarki ya yi awon gaba da ni, kuma na san abin da ya jawo mini shi.

Kayan lambu nake ɗauka a babur daga Barikin Ladi zuwa Jos da sassafe, lokacin da sanyi ke cizon yatsu. Shekara goma sha biyu ina sa safar ƙafa a hannu, ina tsayawa a hanya ina kara tafina a jikin inji. Sai makon jiya wani abokina ya kawo mini wata roba da ake sakawa a kan babur, daidai inda ake riƙewa. Bakanike ya jona ta da batir. Ka danna ɗan maɓalli, sai ta ɗau ɗumi kamar ka rungumi ƙoƙon kunu. Daɗi ya ratsa ni, har shekaranjiya na wuce Kawu Talle, mutumin da ya rene ni, yana zaune a ƙofar gidansa. Ban tsaya ba, ban ko ɗaga hannu ba, hon kawai na danna masa. A garinmu kuwa ba a yi wa babba hon, akuya ake yi wa.

To, a mafarkin ina tafe a kan babur da buhu biyu na kabeji, kabejin na ta minshari. Duwatsun gefen hanya duk sun lulluɓa da barguna, an bar musu hanci a waje. Ban ga abin mamaki ba, sanyin ya kai a yi haka.

Wani dattijo siriri mai farin gemu ya tsayar da ni, ya haye bayana ba tare da ya tambayi inda za ni ba.

“Baba, ina zuwa?”

“Gida,” in ji shi. “Ni ne Sanyi. Shekara sha biyu ina zaune a yatsunka, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Ka tashe ni ba ko sallama.”

Na ba shi haƙuri, na ce wurin ya yi masa zafi yanzu. Ya ce ba komai, zai ɗan raɓe a bayan wuyana kafin hankalina ya dawo.

Sai ga mu a cikin ofis, da ni da babur da fasinja. A bango an rubuta Hukumar Gaisuwa. Wata tunkiya ce a kan kujera, sanye da tabarau, tana saƙa rigar sanyi da gashin jikinta. Rigar na tsawo, ita tana rawar ɗari.

“Kai ne mai hon?” ta tambaya, ba ta ko ɗago ba.

“Ranki ya daɗe, sau ɗaya ne.”

“Sau ɗayan ai shi ne. Kawunka ya kawo takarda. Ya ce tun da bakinsa ke riƙe da sunan nan naka, Mudi, shekara talatin da takwas, mai sunan kuma ba ya buƙata, yau zai cire shi ya ba wani. Masu so sun yi layi tun safe.”

Duk duniya ba wanda ke kiran sunana yadda Kawu ke kiransa, da jan ƙarshen nan kamar yana kiran kaji.

“Me zan yi?”

“Ka je ya riƙe hannunka kafin rana ta gama cin abinci.”

Na leƙa ta taga. Ga rana can a kan tudu ta tanƙwashe ƙafa, tana cin gwate da ludayi, har ta ci rabin kwano. Na yunƙura zan ɗaga wa tunkiya hannun godiya, sai hannu ya ce bai san zancen ba. Duka biyun sun manne da robar. Tunkiyar ta buga hatimi a goshina, ta ce in rufe mata ƙofa da ƙafa.

Hanyar gidan Kawu, ashe an naɗe ta an jingine a bango saboda shara, sai na bi ta kasuwa. Nan ne na ɓata lokaci, kuma laifina ne. Wata mata ta ce, “Malam, don Allah ɗan tsaya,” ta fasa ƙwai biyu a kan hannuna na dama, suka soyu. Mai shayi ya ɗora butarsa a na hagu. Wani tela ya goge kaftani uku. Wata kaza ta kawo 'ya'yanta suka kwanta a tsakanin yatsuna, ita ta tafi cefane. Mutane suka kewaye ni suna cewa, “Sai Mai Ɗumi! Sai Mai Ɗumi!” Kaina ya kumbura har hular sanyina ta yage. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sanyi ya taɓa ni a wuya.

“Ta fara suɗe kwano,” in ji shi.

Na murza totur. Babur ya yi baya da gudu, wanda a ƙasar nan shi ne gaba.

Kawu Talle na zaune a kan buzunsa a ƙofar gida, gidan kuwa ya hau saman bishiyar mangwaro don ya sha hantsi. Layin masu neman suna ya kai har rafi. Akwai wani direban tifa, da zakara, da wata tsohuwar keken ɗinki. Kafin in ankara, kabeji ɗaya ya ziraro daga buhuna ya shiga layi, kabejin da na ɗauko da kaina. Kawu na miƙa wa kowa hannu, ya riƙe na ɗan lokaci, ya girgiza kai.

“A'a, wannan ba zai iya da sunan ba. Na gaba.”

Na kutsa da babur har gaban buzu.

“Kawu, ina kwana?”

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya miƙo hannu. Hannun ya tsaya a iska yana jira. Na ja nawa, na ja, robar ta ƙi saki. Na gyaɗa masa kai sau uku.

“Wane ne wannan mai gaisuwar ƙadangare?” ya tambayi zakara.

Aka fashe da dariya, har da keken ɗinki. Kunya ta rufe ni, hawaye ya cika mini ido. Ga kabeji ya matso yana gyara ganyensa, ga rana tana wanke hannu.

“Kashe abin nan,” in ji Sanyi a kunnena. “Ni zan ɓamɓare maka.”

“Zai yi zafi?”

“Zafi kuma? Ni fa Sanyi ne.”

Na sunkuya na danna maɓallin da hanci. Dattijon ya sauko daga wuyana, ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana sallama. “Babban yatsa, mun same ku lafiya? Manuniya, ya bayan rabuwa?” Duk wanda ya gaisar sai ya sandare ya saki roba. Ƙaramin ne ya ɗan yi gardama, aka lallashe shi.

Na diro daga babur, na cire takalmi, na durƙusa. Hannun Kawu na nan inda ya bar shi. Na kama da hannu biyu.

Ya matsa yatsuna, ya juya tafin, ya sake matsawa.

“Subhanallahi, kamar ƙanƙara,” ya ce. “Ai wannan hannun na san shi. Tun yana ƙarami haka yake kawo mini shi da safe. Muudii!”

Ya juya ga layi. “Ku yi haƙuri, jama'a, mai abu ya zo.”

Kabeji ya yi tsaki ya koma buhu. Kawu ya tusa hannuwana a cikin hannun rigarsa yana murzawa, yana faɗa. Wai ina hankalina, wai ko safa ba ni da ita, wai haka zan kashe kaina a kan hanya. Ni kuwa dariya nake yi, don tun da nake ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Sai ya buɗe baki zai ƙara wata magana, na ji ya ce: gurrrrr.

Injin markaɗen maƙwabta ne, sun tayar da shi kamar kullum. Hannuwana biyu na waje da bargo, na ƙanƙame ƙafar gado. Matata Barira na tsaye da tsintsiya tana kallona.

“Malam, da wa kake gaisawa?”

“Zuba mini shayi a fulas, gidan Kawu za ni.”

“Da ƙafa?”

“Da babur mana. Ai robar ba ta yi laifin komai ba, ga birki nan kusa da ita, ni ne ban tsaya ba.”