Amsa Arba'in Iri Ɗaya

Dakta Rahinatu ba ta yarda da ɗalibi, kuma ba ta ɓoye hakan. Shekara tara tana koyar da dabarun bincike a sashen noma na jami'a a Wudil, babu irin wanda ba ta gani ba: mai kwafo aikin yayansa ya manta bai canza sunan gari ba, mai jero littattafan da waya ta ƙirƙiro masa, waɗanda ba a taɓa bugawa ba. Kullum a aji maganarta ke nan: "Wa ya faɗa? A ina ka samo? Kai ka duba da idonka?"

To, sai ga aikin Abdulbaƙi, ɗan ajin ƙarshe, a kan yadda manoma ke adana wake a wani ƙauye da ke bayan Indabo. Takardun tambaya arba'in ya kawo. A tambaya ta bakwai, duk arba'in ɗin amsarsu ɗaya: toka da busasshen barkono. Ko mutum ɗaya bai kauce ba.

Ta kira shi ofis.

"A gindin wace bishiya ka zauna ka cike waɗannan?"

"Wallahi, Malama, na je. Kwana uku ina zirga-zirga."

"Mutum arba'in, bakinsu ɗaya? Ko 'yan gida ɗaya ai sukan saɓa."

"Haka suka ce min, ranki ya daɗe."

Gumi ya karyo masa, ita kuwa ta ɗauki gumin a matsayin shaida. Ran Litinin ta rubuta wa kwamitin ladabtarwa cewa ya ƙirƙiro bayanai. Hukuncin wannan laifi kora ne, ga shi saura wata biyu ya kammala.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Maƙaryacin da ya san aikinsa yakan sassaɓa amsoshi, wannan kuwa ko wannan ɗan wayon bai yi ba. Ran Alhamis ta ɗauki mota ta nufi ƙauyen. Kada a yi zaton tausayi ne ya kai ta. Hujja take nema wadda za ta rufe masa baki a gaban kwamiti.

Mai unguwa ya ce ta jira a idar da la'asar. Aka shimfiɗa mata tabarma a gefen masallaci, magidanta suka zazzauna. Aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da mutan gida da damina, ita kuwa tana ta kallon fuskokinsu.

"Wani ɗalibi ya zo nan da takardu?"

Mai unguwa ya ce, "Ɗan siririn nan mai tabarau? Ya zo, yaron kirki. Nan ya zauna inda kike."

Ta ce a ranta, ya bugo musu waya ke nan, an shirya. Sai ta yi tambayar da kanta: da me suke adana wake?

Ido ya koma kan wani dattijo mai farin gemu, Malam Haladu, wanda ya girmi kowa a wurin. Ya gyara zama ya ce, "Toka da barkono, 'yata. Haka muka gada."

Ta juya ga na kusa da shi. "Kai fa, malam?"

"Yadda Baba ya faɗa."

"Kai kuma?"

"Ai Baba ya gama magana, Hajiya."

Sai da ta tambayi mutum goma sha biyu, tana canza wa tambayar salo kamar mai bincikar ɓarawo. Amsar ba ta motsa ba.

Tana buɗe mota wani magidanci mai suna Ɗayyabu ya biyo ta, wai zai kore akuya daga gaban taya. Ya waiga, ya sassauta murya.

"Hajiya, ni ƙwayar maganin ƙwari nake sawa, ta kasuwar Wudil. Yawancinmu ma haka. Amma wa zai ƙaryata Baba a bainar jama'a? Da yaron nan ya bi mu gona ɗaya-ɗaya, da ya ji gaskiya."

Shekara tara tana koya wa ɗalibai tantance littafi da mujalla da shafin intanet, ba ta taɓa ce wa ko ɗaya kada ya tambayi manomi a gaban dattijonsa ba. Yaron ya rubuta abin da kunnensa ya ji, harafi da harafi, yadda ta umarce shi. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba a aikin nan.

Daga cikin motar ta kira sakataren kwamiti ta ce a tsayar da takardarta. Ya ce ai tun azahar aka liƙa sunayen waɗanda ake tuhuma a allo, kowa ya gani.

Ta kira Abdulbaƙi. Sai da wayar ta kusa tsinkewa ya ɗauka, tana jin ƙarar mota da hayaniyar tasha a bayansa.

"Abdulbaƙi, kana ina? Ka dawo, na je ƙauyen, na gano gaskiyarka."

Ya ce, "Malama, Babana ya riga ya ji. Ya ce in taho gida. Don Allah ke ki kira shi ki faɗa masa, ni ba zai yarda da ni ba."