Hajiya Bebi da Agwagin Jif

A gida, duk motar da ta ɗaga daga ƙasa mai manyan tayoyi sunanta jif. Ko Japan ta ƙera ta ko Jamus, jif ce. Shi ya sa ranar da Abdurrahim ya shigo da tasa unguwar Glenwood a birnin Greensboro na Amurka, bai ko kashe injin ba ya kira abokansa na Gombe ta bidiyo, ya kai musu wayar dab da haruffa huɗun sunanta na Turanci da ke goshinta.

"Ku karanta da kyau," in ji shi. "Naku duk sunan aro ne. Ga mai sunan nan."

Koriya ce, mai ƙofa huɗu da rufin tanti, ta kwana biyu a hannun wani kafin ta zo nasa. Ba motar jin daɗi ba ce. In ta hau babbar hanya iska na kaɗa rufin kamar ana buga tabarma, ko ƙaramin rami ta taka sai ka ji shi a haƙoranka. Matarsa Rahina ta ce zama a cikinta tamkar zama cikin ganga ne ana biki. Shi kuwa, da ya yini yana rabon kayan mutane a motar kamfani, lokacin da ya kama sitiyarin tasa ne kaɗai yake jin shi ke zaɓar hanya. Ran hutu yakan yi kudu da ita zuwa dajin Uwharrie, ya sa ta a taɓo da duwatsu, ya dawo da laka har kan gilashi yana murmushi shi kaɗai.

Cikin Rahina na fari ya tsufa, mahaifiyarta Hajiya Bebi ta taso daga Kano don zaman jego. A makon da ta sauka aka fara abin.

Sun je shagon kayan Afirka da ke Gate City Boulevard, da suka fito sai ga 'yar agwagwar roba ruwan ɗorawa zaune a hannun ƙofar direba. Abdurrahim ya ɗauka wani yaro ne ya manta, ya jefa ta aljihun mota. Bayan 'yan kwanaki ga wata, wannan har da tabarau. Ta ukun kuwa baƙa ce ƙirin, kuma Hajiya ce ta fara ganinta a kan murfin injin.

Ba ta taɓa ta da hannu ba. Ta sa leda ta ɗauka, ta sa aka fito mata da sauran biyun, ta tofa musu addu'a, ta kai su can ƙarshen layi ta zuba a shara.

Rahina ta duba waya, ba ta daɗe ba ta fashe da dariya. "Umma, wallahi wasa ne. Masu irin motar ne ke ajiye wa junansu, kamar gaisuwa. Ga hotuna nan rututu."

"Wayar ta ga fuskar wanda ya ajiye wannan?"

"A'a, amma..."

"To ki rufe min baki. Ke da ciki, a ajiye miki baƙin abu a inda kike zama, ki ce min gaisuwa? In kin tashi da safe kin ga ƙwai a ƙofar ɗakinki, waya za ki tambaya?" Ta juya gefe, ta ɗaga murya yadda Abdurrahim da ke tsugune a bakin ƙofa zai ji. "Ki gaya wa mijinki, jikana ba zai shigo gidan nan motar can tana ƙofa ba."

Abdurrahim na da amsa cike da baki, amma ina zai kai ta? Surukarsa ce. Tun da ya auri Rahina bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa ce mata abin da ya wuce "ina kwana" da "to, Hajiya" ba. Ya dubi kafet ya ce, "To, Hajiya."

A ɗaki Rahina ta tsokane shi da ƙafa. "Malam zaki, ina gurnanin? Kai da kake fasa duwatsu a daji?"

"Ke ki yi mata magana mana."

"Na yi. Ni ma korata ta kusa yi."

Hajiya ba ta tsaya jira ba. Da kanta ta kira Malam Iliyasu, dattijon da ke da filin sayar da motoci, suka gama magana: ran Asabar zai karɓi jif ya ba da wata doguwar mota ta iyali, mai ƙofar da ake ja. Abdurrahim ya je ya ga motar. Launin toka ce, lafiyarta ƙalau, kuma ko sau ɗaya bai so ya sake dubanta ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya ta yafa mayafi ta ce da 'yarta, "Ki ce masa ya kai motar shagon nan inda aka saba ajiye abin. Kafin ta tafi ina so in ga fuskar mai yi."

Haka ya yi gaba a jif, su kuma suka bi shi a ƙaramar motar Rahina. Mai shagon ya ba Hajiya kujera kusa da gilashi, tsakanin buhunan garin rogo da jarkokin manja. Ta zauna da carbinta, idonta a kan motar. Mutane suka yi ta wucewa, babu wanda ya ko kalli wurin. Rahina ta gama sayen kanwa da gero da kayan yaji, ta dawo ta sake zagayawa. Abdurrahim na tsaye a bayan kantar kifi, bai san abin da zai roƙa ba, a zo ko kada a zo.

Rana ta fara sanyi sai ga wani dattijo baƙar fata, dogo, da farin gemu da hular hana sallah. Ya tsaya ya zagaya motar yana gyaɗa kai, ya sunkuya ya duba tayoyin. Sannan ya sa hannu a aljihu.

Abdurrahim bai taɓa sanin Hajiya na iya sauri haka ba. Kafin ya kai ƙofar shagon ta riga ta cafke hannun mutumin da gefen mayafinta, agwagwa shuɗiya na tsakanin yatsunsa.

"Na kama ka! Wa ya aiko ka? Me muka yi maka?"

Dattijon ya daskare, ya dubi matar, ya dubi agwagwar, ya ɗaga ɗaya hannun sama. Rahina ta iso tana haki, ta jingina da motar.

"Fassara min," in ji Hajiya.

"Umma, numfashina ma da ƙyar. Ga mai motar nan, ya fassara."

Ba yadda zai yi. Abdurrahim ya matso, ya ɗan rusuna, idonsa a kan kwalta, ya yi wa dattijon bayani da Turanci. Da mutumin ya gane abin da ake zarginsa da shi sai ya yi wata dariya mai zurfi, amma ganin fuskar Hajiya ya haɗiye ta, ya cire hula. Ya ce sunansa Bernard, ya roƙi a zo a ga tasa motar.

Tana can gefe, ja, tsohuwa sosai, ba ƙofofi. Gaban gilashinta cike yake da agwagi sahu-sahu: mai rawanin sarauta, mai kayan likita, baƙaƙe, farare. A kujerar baya an ɗaure kujerar jariri, ga ɗan takalmi ƙwaya ɗaya a ƙasa.

"Ya ce kujerar ta jikarsa ce," in ji Abdurrahim. "Ya ce duk agwagin nan ba shi aka yi. In mutum ya ga irin motarsa ta burge shi, sai ya ajiye wa mai ita guda."

Hajiya ta saki hannun, amma ba ta saki fuska ba. "Mota ce kawai. Don me za a yi zumunci a kan ƙarfe? Tambaye shi."

Ashe tambayar da Bernard ke jira ke nan. Ya dafa murfin injin ya fara, Abdurrahim na binsa yana fassarawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu sojan Amurka suka nemi ƙaramar mota wadda za ta shiga inda hanya ta ƙare. Kamfanin Willys da na Ford suka ƙera ta dubu ɗaruruwa. Mahaifin Bernard ya bar gonar taba a nan jihar Carolina ya tafi birnin Toledo, ya shiga masana'antar, ya yi shekaru yana ɗaura ƙafafun waɗannan motoci. Da yaƙi ya ƙare manoma suka saye ta, har garma suka ja da ita. Kamfanin ya yi ta sauya hannu, wannan ya saya ya sayar wa wancan, amma har yau a garin ake ƙera ta, kuma har yau daga nesa kana gane fuskarta, idanu biyu zagayayyu da tsagogin nan a tsaye.

Bernard ya ƙara wata gajeriyar magana.

"Ya ce mota ce da ba ta barin mutum a hanya," in ji Abdurrahim. "Ya ce in ƙanƙara ta rufe gari, motoci suka maƙale, ita tana fita. In haihuwa ta zo a irin ranar, babu motar da ta fi ta kai mace asibiti. Ya ce mutumin da ya bar garinsu yana yi wa wasu aiki daga safe har yamma, yana bukatar abu ɗaya da zai ce nasa ne, wanda ya zaɓa da kansa, kuma..."

"Dakata." Hajiya ta karkata kai. "Ni ba na jin Turanci, amma ina da kunne. Bawan Allahn nan kalma uku ya faɗa. Duk wannan daga bakinsa ya fito?"

Rahina ta toshe baki da gyale. Abdurrahim ya sunkuyar da kai.

"Ƙarshen nawa ne, Hajiya."

"Daga ina nakan ya fara?"

"Daga... farko."

"To shi me ya ce?"

"Ya ce motata tana da kyau."

Hajiya ta ja carbinta. Sannan, karo na farko tun da aka ɗaura auren, ta dube shi ido da ido ta yi masa magana. "Da kana da baki haka, ka bar ni ina ta wahalar da Malam Iliyasu? Ƙarasa. Amma da sunanka."

Ya ƙarasa. Ya ce yana son motar. Ya ce in Hajiya ta ce a sayar zai sayar gobe, ba zai sake tayar da maganar ba, amma yana roƙon kada a sayar.

Hajiya ta juya ga jar motar. Ta sake leƙa agwagin Bernard, ta ɗauki ɗan takalmin jikarsa ta ɗora a kan kujera. Sai kuma fuskarta ta sauya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Wato ukun nan da na zubar, kyauta ce mutane suka kawo?"

"Kyauta ce, Umma," in ji Rahina.

"Kuma ko tukwici ba a ba su ba? An karɓa an watsa a shara? Mu da a gida ko gishiri maƙwabciya ta aiko ba a mayar da kwano haka nan! Za su ce mutanen ina ne waɗannan?" Ta buɗe jaka da sauri, ta zaro ƙullin goro, ta zaɓi fari babba ta miƙa wa Bernard da hannu biyu. "Ce masa ya yi haƙuri da kamun da na yi masa. Kuma ban da ƙari a fassarar."

Bernard ya karɓa ya gatsa da ƙarfinsa. Ɗacin ya kama shi, idanunsa suka kawo ruwa, amma ya daure ya tauna yana ɗaga babban yatsa. Ya miƙa mata shuɗiyar agwagwar. Ta juya ta gaba da baya, ta matsa cikinta ta yi ƙara, ta jefa a jaka.

Da za a koma, Rahina ta nufi ƙaramar motarta. Hajiya ta tsaya a gefen jif tana auna tsayin matakin.

"Wannan ai sai da tsani. Kawo kafaɗarka."

Ya durƙusa, ta dafa ta hau, ta zauna a gaba ta gyara mayafi. Ya tayar da injin a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. Suka hau Gate City Boulevard, rufin ya fara kaɗawa, ramin farko ya ɗaga ta daga kujera ta riƙe ƙarfen gabanta da kyau.

"Amalanke," in ji ta. "Amma ana ganin gari daga nan."

Wata jif fara ta taho daga ɗaya hannun, matar da ke tuƙi ta ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari. Abdurrahim ya mayar mata da biyu.

"Ka san ta?"

"A'a, Hajiya. Haka ake yi."

"Da yatsu biyu? Kai da aka yi wa tarbiyya? Sauke min gilashin nan, in wata ta zo ni zan amsa." Ta fito da wayarta tana lalube. "Kuma ka nemo min lambar Malam Iliyasu a nan, in ce masa ya nemi wani mai son motar tokarsa."