Gaisuwar da Kailu Bai Yi Ba

Ranar Lahadi kasuwar Filinge ke ci, kuma ranar ce Kailu tela ya fi kowa daɗewa a majami'a. Ana tashi daga sujada kowa ya kama gabansa, shi kuwa sai ya koma bencin baya ya sunkuyar da kai har la'asar. Masu bi suna ta yabonsa, wai bawan Allah ba ya gajiya da addu'a. Ina addu'a a nan? Jira yake kasuwa ta watse, yayarsa Balkisa ta kwashe kukarta da kuɓewarta ta koma ƙauye.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifinsu, Kailu bai taka gida ba. Tun da ya karɓi bin Almasihu shekara shida da suka wuce, magana tsakaninsa da dangi ta tsaya a ina kwana. Ranar da saƙon mutuwar ya zo har ya hau babur, sai ya hango kansa a ƙofar gida ana ce masa kada ya kusanci gawa. Ya sauka. Kwana uku ta wuce, arba'in ta wuce, kunya ta yi ta ninkuwa. Ya gaji da ɓuya, ya gaji da kansa, ɗinkin ma ya daina yi masa daɗi.

Wannan Lahadin, Inna Saratu mai sharar majami'a ta tsaya a kansa da tsintsiya.

"Ɗaga ƙahwa, ɗana. Wata bakwai ina share kewayenka."

"Addu'a nike, Inna."

"Mai addu'a ba ya leƙen rana ta taga. Ubangijin da kake bi ya san gicciye na jiran shi, kuma da ƙahwatai ya tahi wurin. Kai kau ka maida ɗakinai maɓoya. Tashi, rufewa za ni yi."

Haushi ya kama shi, don gaskiya ta faɗa. A bakin ƙofa ya yi addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba, ita ce kuma ta farko ta gaske tun rasuwar. Ya ce, "Ya Yesu, tsoro nike ji. Tahi da ni."

Ya ratsa ta wajen masu dabbobi, ya wuce masu gero. Ya iske Balkisa zaune a kan buhu, ta rame, tana korar ƙuda daga kan kuka. Ta gan shi. Ya durƙusa. Duk maganar da ya tsara a hanya ta gudu, sai abin da kowa ke faɗa ya fito daga bakinsa.

"Yaya, ina haƙuri? Allah shi ba ku dangana."

Ta ajiye mudu.

"Ba mu dangana? Mu wa? Kai baƙo na, da ka zo yi muna gaisuwa? Ubana ɗai ya mutu?"

Matar da ke kusa ta juya kai kamar ba ta ji ba.

"Na ji tsoron a kore ni," ya ce.

"Kila da an kore ka. Kawu Zaidu ya rantse zai yi. Amma da ka zo, da Innarmu ta gan ka." Ta goge fuska da bakin zane. "Kwana ukku tana aje ma tabarma cikin 'yan gida."

Ta dube shi ta daɗe. Fushin bai tafi ba, gajiya ce dai ta fi shi ƙarfi.

"Can wurinku, wani ya yi ma gaisuwa?"

Ya girgiza kai. Bai gaya wa kowa ba, to wa zai yi masa?

Balkisa ta matsa ta ba shi gefen buhun.

"Zamna. Kailu, ina haƙurin rashin Baba?"

Ya zauna, ya buɗe baki zai ce da godiya, sai kuka ya ƙwace masa.