Gashi a Cikin Hular Zayyad

Silin gashi ɗaya ne ya kashe auren Dogo, kuma shi da hannunsa ya zaro shi.

Dogo dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, gidansa kuwa a Gumel. Matarsa Adawiyya Allah ya ba ta gashi, in ta tsefe har ƙugu yake kai mata. Shi kuma Allah ya ɗora masa kishi. Sau biyu yana sakinta: na farko don wani mai keke napep ya yi mata murmushi a ƙofar gida, na biyu don ɗankwalinta ya zame a gidan suna maza suka ga kanta. Igiya ɗaya ta rage. Unguwa ta sani, shi ma ya sani.

Gashin nan kuwa, kamar na kowace mace, zuba yake yi. Da safe a same shi a matashin kai, a mataji, a bakin tabarma. Dogo ya riƙa bi yana tsincewa yana ƙonawa, wai kada iska ta kai shi hannun wani namiji. Ranar tsifa da ya ga dunƙule guda a hannun Mairo mai kitso, tsayawa ya yi a kanta sai da ta miƙa masa.

"Maigida, wahala za ka sha," in ji Mairo tana dariya. "Ba ranar da ba ya zuba, wani na faɗuwa wani na tsirowa. Wannan da ka gani na sati biyu ne da kitso ya riƙe. Nawa ma zuba yake, gajartarsa ce ta rufa mini asiri."

"Naki bai dame ni ba."

"Ai na sani, babu wanda ya dama."

Adawiyya ɗinkin hula take yi. In zafi ya taso sai ta cire ɗankwali, ta zauna a ɗaki ta sunkuya kan allura har la'asar. In hulunan sun taru, Adda, yayar Dogo, ita ke kai wa Alhaji Abdulganiyu mai huluna a kasuwar Gumel.

Wata Alhamis a Maigatari, bayan an gama lodin shanu, Dogo ya zauna a rumfar mai fura. Kusa da shi Zayyad direba ne, ɗan Sule Tankarkar, garin su Adawiyya, wanda ya nemi aurenta tun kafin Dogo ya fito. Zayyad ya cire hula ya ɗora a gwiwa yana share gumi. Dogo ya kalli hular sau ɗaya ya gane ɗinkin matarsa ne. Ya sake kallo, sai ya ga bakin wani sili ya leƙo daga cikin zaren.

Ya fizge hular. Ya kama silin ya ja, ya ja, abu ya ƙi ƙarewa sai da ya wuce kamu ɗaya.

"Wa ya ba ka hular nan?"

"Ba ni aka yi? Saya na yi."

"A ina?"

"A kasuwa mana, Dogo, ko a masallaci ake sayar da hula? Ba ni abata, rana na dukan sanƙona."

'Yan rumfa suka bushe da dariya. Dogo bai saurare su ba. A ransa magana ta ƙare: ita ta ɗinka masa, ta saka gashinta a ciki da gangan don ya riƙa yawo da ita a kansa. Gashin da shi yake durƙusawa yana tsincewa a tabarma, ga shi a kan wani ƙato tun daga Gumel har iyakar Nijar.

Ya bar furar, ya hau mashin.

Ya tarar da ita tana ɗinki, kai a buɗe. Ya ajiye silin a kan cinyarta.

"Na waye wannan?"

Ta ɗaga ta duba. "Nawa ne da alama. A ina ka tsinto shi kuma, Malam?"

"A hular Zayyad."

"To ai zai yiwu. Ina sunkuye yake faɗowa, zare ya haɗa da shi. Duba wannan ma ta hannuna..."

"Ashe ma ba ki musa ba."

"Malam, ka zauna ka sha ruwa. Ka san abin da ya rage mana."

"Na sani. Na sake ki."

Ba ta yi kuka ba. Ta soke allurar a jikin hula, ta ɗaura ɗankwali.

Washegari Adda ta kama hannun rigarsa kamar ɗan yaye, ta ja shi har teburin Alhaji Abdulganiyu. Ta zaɓo hulunan Adawiyya ta riƙa juya cikinsu waje. Ta farko babu. Ta biyu sili ɗaya. Ta huɗu guda biyu.

"Ga su nan, shashasha," in ji Adda. "Limamin unguwarmu ma irinta ce a kansa. Shi ma sonsa take yi?"

Alhaji Abdulganiyu ya ce Zayyad a nan ya saya, bai ma tambayi wadda ta ɗinka ba.

Daga nan Dogo gidan liman ya nufa. Ya ce fushi ne, ya ce shaiɗan ne, ya ce bai san ya furta ba. Liman ya tambaye shi sau nawa ke nan. Ya faɗa.

"To ba kome tsakaninku," in ji liman, "sai ta auri wani, aure na gaskiya. In shi ya rabu da ita don kansa, sannan."

Haka mutumin da bai yarda iska ta ɗauki gashin matarsa ba ya koma roƙon Allah ya kawo wanda zai aure ta, ko ta fito ya mayar. Da ta gama idda wani mai sayar da hatsi a Gagarawa Tasha ya aure ta. Dogo ya zauna jiran fitowarta.

Bana shekara shida ke nan, 'ya'yanta uku a can. Shi bai sake aure ba.