Jan Maɓallin da Baba Ya Bari a Kunne

Tun ranar da aka ɗauko tsohuwar kwamfutar Baba daga situdiyonsa aka kawo ta gida ta fara wata ƙara. Ƙas, ƙas, sai ta yi shiru, sai ta sake. Auta ta san wannan ƙarar. Haɗa sauti ta karanta, ta kuma ga kwamfutoci da yawa sun yi irin wannan tarin kafin su mutu da duk abin da ke cikinsu. Abin da ke cikin wannan kuwa waƙar Baba ce ta ƙarshe, wadda ya rera kafin shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana da hannun dama. Babu kwafinta a ko'ina.

Ta gwada kwafe waƙar, kwamfutar ta sandare. Ta sa tsohuwar manhajar da ke cikin kwamfutar ta fitar da ita, ta kai rabi ta rufe kanta. Abu ɗaya ya rage mata: in aka kunna waƙar, tana bugawa. Sai Auta ta yanke shawarar haɗa ta da sabuwar manhajar da ke cikin laftof ɗinta, tsohuwa tana rerawa, sabuwa tana ɗauka.

A ɗakin Baba ta shirya kayan, a kan teburin guga, bayan ta ture kwalaben magani gefe. Shi yana kujerarsa ta bakin taga, hannun daman a kan matashi, idonsa a kan yatsunta.

Yayanta ya leƙo da kofin shayi. "Injiniya, ba a gama tiyatar ba? Ki bari in kai ta wurin mai gyara mana."

"Wanda ya goge maka hotunan aurenka?"

"Ai ya ce ƙwayar cutar kwamfuta ce."

"Ƙwayar cuta mai gemu da sukudireba. Yaya, matsa, kana taka min waya."

Ya ɗaga ƙafa, ya ajiye kofin a kan teburin. "To wannan mai zagayen kan fa? Ta mece ce?"

"Midi. Waccan ta sauti ce, ita za ta ɗauko muryar. Wannan ba ta ɗaukar sauti, saƙo take kaiwa: wane maɓallin fiyano Baba ya danna, da wane ƙarfi, yaushe ya saki. Wannan ta ukun kuma umarni take kaiwa daga tawa zuwa tasa. In tawa ta ce tafi, tasa ta tafi. In ta ce tsaya, ta tsaya."

"Irin zamanki da mu ke nan a gidan nan," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta sa abin ji a kunne, ta yi bismillah, ta danna maɓallin ɗauka a laftof.

Tsohuwar ta bi umarni. Fiyano ya shigo a hankali, irin shigar da ta sani tun tana yarinya tana barci a ƙarƙashin teburin situdiyo. Ta riƙe numfashi tana jiran muryar. Wurin shigarta ya zo. Babu komai, sai wani huci siriri.

Ta duba wayar sauti, tana nan daram. Ta duba laftof. Sai ta ji bugu a bayanta. Baba ne yake dukan hannun kujera da hagunsa, bakinsa a karkace yana fitar da wani sauti da ba ta taɓa ji daga gare shi ba, idanunsa a waje, yana kallon allon tsohuwar kwamfutar.

Ta juya. A kan layin murya, inda zanen sautin Baba yake kwance kamar jerin duwatsu, wani jan zare yana tafiya yana share shi. Bayansa fili ne fetal.

Ta kai wa maɓallin tsayawa duka har kofin Yaya ya yi tsalle.

Nan take ta gane. Baba bai taɓa kashe jan maɓallin layin muryarsa ba, wanda ke barin layin a shirye don ɗaukar sauti. Cewa yake waƙa ba ta yi masa sallama, in ta zo ba shi da lokacin neman maɓalli. Kuma saboda ma'ajiyar kwamfutar ƙarama ce, ya saita ta tana ɗaukar sabo a kan tsoho, babu komawa baya. Da laftof ta ce "ɗauka", duka biyun suka ji. Tsohuwar ta ɗauki shirun ɗakin ta ɗora a kan baitin farko.

"Me ya faru?" Muryar Yaya ta sauya. "Auta, me kika yi?"

Ƙas, ƙas, ƙas, in ji kwamfutar, yanzu da sauri.

"Kashe ta! Kashe ta kafin ta cinye sauran!"

"In na kashe ba lallai ta sake tashi ba."

"To ki bari haka. Ya isa. Dubi Baba."

Ta duba. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, hawaye ya bi gefen da ya shanye bai ma sani ba. Ta ji tana son ta fita, ta rufe kanta a banɗaki. Amma baiti ɗaya ya tafi, sauran suna nan, kuma akwatin nan da ke tari ba zai jira ta gama kuka ba.

"Ba zan bari ba," ta ce. "Ɗauko fankar can. Kwamfutar ta yi zafi. Riƙe mata a bayanta, kar ka motsa."

"Ke ba kya jin magana?"

"Ba yau na fara ba. Riƙe."

Ya durƙusa da fankar. Ta kama linzamin kwamfutar. Ta kai kibiyar kan jan maɓallin layin muryar, ta danna. Jan ya mutu. Ta bi sauran layukan ɗaya bayan ɗaya ko akwai wani jan a kunne, ta sake bi. Sannan ta zare wayar umarni ta jefar a kan gado. Ta kunna ɗauka a laftof da kanta, ta miƙa yatsa ta kunna waƙar a tsohuwar daga farko.

Fiyano. Sai ramin shirun, mai tsawo kamar ba zai ƙare ba. Sai muryar Baba ta faɗo cikin kunnenta daga baiti na biyu, cikakkiya, da ɗan kaushin nan nata.

Ba wanda ya motsa. A tsakiyar amshi kwamfutar ta shaƙe, muryar ta maƙale a gaɓa ɗaya tana maimaitawa. Yaya ya soma salati ƙasa-ƙasa. Auta ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Sai abin ya saki, waƙar ta ci gaba, tana ɗingishi amma tana tafiya, har fiyano ya sauka a sautin ƙarshe. Ta adana a laftof, ta sake adanawa a wani wurin. Ba ta gama ba allon tsohuwar ya yi baƙi.

Yaya ya zauna a ƙasa da fankar a cinya. "Baitin farkon fa?"

Ta buɗe abin da wayar midi ta kawo. A daidai ramin akwai 'yan ɗigo a jere, alamun maɓallan da aka danna amma ba a sa musu sauti ba: Baba ya bi karin baitin da hannun dama lokacin da yake rerawa. Ta ba su muryar fiyano, ta cire abin ji, ta kunna a lasifika. Karin ya fito, da inda ya danna da ƙarfi da inda ya sassauta. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa a kan matashi.

"Kalmomin, shi kaɗai ya san su," in ji Yaya a hankali.

Leɓen Baba yana motsi tare da karin, babu sauti. Auta ta jawo makirufon situdiyonsa ta kafa a gefen kujerarsa, daidai bakinsa. Ta buɗe sabon layi a laftof wanda babu komai a kansa, ta danna jan maɓallinsa.

"Ba gaggawa, Baba," ta ce. "A kunne zan bar shi."