Kwalbar da Ba a Yi wa Zane Ba

"Kai ka kashe min miji," in ji matar mai gyaran agogo, ta dangwara kwalbar a tagar ɗakin ba da magani na asibiti.

Saurayin da ke bayan tagar ya ɗago kai. Mutanen layi suka juyo suna kallo.

"Mama, ki yi haƙuri ki bi layi."

"Na bi layi wancan watan. Ga abin da na samo."

Shekara shida tana karɓar wa maigidanta magani a tagar nan. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta taɓa kuskure ba, don tsohon da ke wurin a da yana da tasa dabara: zane ɗaya da biro a jikin kwalba, sau ɗaya a rana, zane uku, safe da rana da yamma. Da ya yi ritaya sai aka kawo wannan, da injinsa mai buga Turanci. Ranar da likita ya ƙara wata ƙwaya saboda ciwon gaɓoɓi, ta tambayi saurayin yadda ake sha. Ko kallonta bai yi ba. "Yana rubuce a jiki, Mama. Na gaba."

Ta juya kwalbar, ba zane. Sai ta haɗa ƙwayar da magungunansa na safe. Kullum ƙarfe bakwai tana tsaye a kan maigidan da kofin ruwa, har yana tsokanarta wai duk agogon shagonsa babu mai cika lokaci kamarta. Da bakinsa ya yi gyambo ya kasa haɗiya, ita ce ta riƙa murƙushe ƙwayar a cokali, tana lallashi, tana faɗa, don kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Cokalin nan ne ya hana ta sakat.

Sai a kwana na goma sha biyu 'yarsu ta zo daga inda take aiki, ta karanta rubutun kwalbar, ta zauna daɓas. "Inna, sau ɗaya a mako aka ce." Aka kwashe shi zuwa asibiti, bai dawo ba. Yanzu ƙannensa gaisuwa kawai suke mata, daga bakin ƙofa.

Saurayin ya duba takardar da ke manne a jikin kwalbar, muryarsa ta yi ƙasa. "Abin da likita ya rubuta na buga. Babu kuskure."

"Ban ce takardarka ta yi ƙarya ba, ɗan nan. Da bakina na tambaye ka. Magana guda, ko zane guda, me zai rage ka da shi?"

Ta jawo benci ta tare tagar, ta zauna.

"Hannuna ne ya ba shi, wannan zan mutu da shi. Amma ba zan ɗauka ni kaɗai ba. Kira min wanda ya ajiye ka a nan. Ko kai ko shi, yau sai wani ya fito gaban mutanen nan ya amsa min."