Madacin da Aondona Ya Ajiye

"Ɗanye ne," in ji Baba Mele. Ya sake ƙwanƙwasa falankin da kan sandarsa, ya karkata kunne. "Wannan ma ɗanye ne. Kalilu, ɗago mini wancan jan."

Na ɗago masa. Muna tsakiyar kasuwar katako ta Lafiya, rana ta take, injin yanka yana ta ƙara a bayanmu. Baba Mele maƙwabcina ne a Bukan Sidi, katanga ɗaya ta raba mu. Ni na kawo shi a keke-napep ɗin da nake haya da shi, domin ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu har takalmi ba ya shiga. Ya dangwalo garin katakon da yatsa, ya ɗora a harshe, ya ɗan jira.

"Ba ɗaci. Wannan ba madaci ba ne."

"Ai ban ce madaci ba ne, Baba," in ji mai katakon. "Irin wanda kake nufi, tsoho busasshe, rabona da shi an daɗe. Maje muke da shi da malaina. Ko ka ɗauki filawud mai kauri?"

"Filawud? Ruwa ɗaya zai sha ya kumbura kamar burodi. Maje kuma abincin gara ne."

Muka zagaye rumfunan duka, yana tafiya yana tsayawa yana haki. Muka koma gida hannu wofi.

Motar da ake wa wannan neman tsohuwar fijo ce akori-kura, wadda ta girme ni. Da ita Baba Mele ya yi rayuwarsa yana shiga ƙauyukan bayan Doma, inda sauran direbobi ke gudu saboda hanya, yana ɗauko doya da agushi da riɗi, da matan da suka noma su zaune a kan buhuna. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya miƙa tuƙin ga Terhide, wanda ya koyi mota a hannunsa. Ana cikin haka, wata ranar kasuwa katakon ƙasan bodin ya rufta da wata mata, ƙafarta ta zurma har gwiwa, ƙarfe ya yage mata ƙwauri. Baba Mele ya karɓe makulli. Ya ce motar ba za ta ƙara fita ba sai an sake mata ƙasa. Ga shi sabuwar doya ta kusa fitowa, mutanen ƙauyukan kuma ba su da wata motar.

Da muka dawo, muka tarar da 'yarsa Jummai a ƙofar gida tare da mai waldan layinmu.

"Baba, don Allah ka saurare shi," in ji ta. "Ya ce in ka yarda da farantin ƙarfe, gobe war haka ya gama. Likita cewa ya yi ka kwanta, kai kuma kana yawon kasuwa."

"Ƙarfe ya fi ƙarko, Baba," in ji mai walda. "Yanzu kowa shi yake sawa."

Baba Mele ya zauna a kan benci, sai da numfashinsa ya dawo sannan ya yi magana.

"Ka taɓa ɗora tafin hannunka a kan ƙarfe da azahar? Doya in ta kwanta a kai daga Doma zuwa nan, ta ƙasan ta dahu. In ruwa ya sauka kuma santsi yake yi, akuya ma ba ta iya tsayuwa. Mata ne ke zama a wurin nan, wasu da goyo. Ka yi mini sababbin ƙarafan da za su riƙe katakon ta ƙasa, wannan aikinka ne. Amma sama katako za a sa."

"To in ba a samu ba fa?" in ji Jummai.

"Sai a jira."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Dukanmu mun san wanda ba shi da lokacin jira.

Sati bai zagayo ba, wata safiya wata motar doya daga Doma ta tsaya a bakin layinmu. Terhide ya diro daga baya, ya taimaka wa wani tsoho dogo ya sauko. Mahaifinsa ne, Aondona, manomi Batibi da Baba Mele ya daɗe yana ɗauko wa kaya. Bayansa aka fara sauko da falankai masu faɗi, an naɗe su da tsofaffin buhuna.

"Direba!" Aondona ya ƙwala kira tun daga nesa. "Kana nema katako, ba ka aika mini ba? Ni na mutu ne?"

Aka kwance buhunan. Ban taɓa ganin katako irinsa ba. Ja ne mai duhu, kamar an jiƙa shi da zoɓo, ba tsaga, ba lanƙwasa. Baba Mele ya ƙwanƙwasa, katakon ya amsa da wata ƙara siririya mai tsabta. Ya kankare gefe da farce ya ɗanɗana, nan take ya yamutsa fuska, sai kuma ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba.

"Madaci! A ina ka samo wannan?"

"Itace na bakin gona na. Iska ya kayar da shi tun Terhide yana makaranta. Na sa an yanka, na ajiye a saman ɗaki."

Terhide ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, amma Baba Mele ya ji.

"Na akwatinsa ne. Wanda za a binne shi a ciki. Ko taɓawa ba ya bari mu yi."

Dariyar ta ɗauke. Baba Mele ya janye hannunsa daga kan katakon.

"Aondona, mayar da kayanka. Ba zan karɓa ba."

"Za ka karɓa."

"Gidanka na ƙarshe ne fa."

Aondona ya ja kujera ya zauna daf da shi, gwiwa na taɓa gwiwa.

"Ji mana, Direba. Yara na sun ce wannan na ƙauye ne, su za su saya mini mai fenti da hannu na ƙarfe. Bari su saya. Ni na yi tunani a hanya. In na shiga ƙasa da shi, wa zai gani? Ni ma ba zan gani ba. Amma in yana baya na mota, jikoki na za su zauna a kai. Katako ya gaji da zama a ɗaki. Bari ya ga gari."

Baba Mele ya dubi katakon. Leɓensa na motsi. Daga ƙarshe ya mayar da tafin hannunsa kan falankin, ya bar shi a nan. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Aondona bai koma ƙauye ba. A zauren Baba Mele ya sauka, ya ce sai ya ga ƙarshen aikin. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓun ƙarafan ƙasa ya sa sababbi. Kafinta ya zo, zartonsa ya sha wuya, yana yanka yana tsaki yana yaba katakon. Ƙanshin madaci ya cika layin, har matata Sakinatu ta ce a tuwonmu ma tana jin ɗacinsa. Baba Mele yana kishingiɗe a inuwar mangwaron ƙofar gida, muryarsa ta koma kamar raɗa, sai dai ya yafito ni in kai wa kafinta saƙo.

"Ce masa kada ya matse su. Ya bar 'yar kafa tsakani, ruwa ya samu hanya."

"Ce masa ya nutsar da kan kusoshin, kada su kama zanen mata."

Ranar da aka ɗaure noti na ƙarshe, bayan la'asar ne. Tun safe Baba Mele bai ci komai ba, ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi. Ya kira Jummai.

"Ku ɗora ni a baya."

"Baba!"

"Tun ina saurayi nake gaba, sitiyari a hannuna. Ban taɓa sanin abin da na baya ke ji ba. Ku ɗora ni."

Jummai ta share ido da gefen mayafi, ta shiga ta ɗauko filo. Ta so ta shimfiɗa katifa, ya girgiza kai. Ni da mai walda muka ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan, muka kwantar da shi a kan katakon. Aondona ya hau ya zauna, ya ɗora kan abokinsa a cinya. Ni da Jummai muka zauna a gefe. Terhide ya tayar da mota.

A hankali muka bi layin. Masu shaguna suka fito, masu okada suka rage gudu suna ɗaga hannu. "Baba Mele! Mota ta tashi!" Ba ya iya amsawa, sai dai ya ɗaga yatsu. Idonsa na sama, rassan bishiyoyi da wayoyin lantarki suna wucewa ta kansa, yana binsu da kallo kamar yau ya fara ganinsu. Da muka faɗa wani rami, motar ta girgiza mu duka. Ya runtse ido, sannan ya yi murmushi.

"Ashe haka suke sha," ya ce. "Kuma ba wadda ta taɓa zagina."

"Sun zage ka," in ji Aondona. "Da yare na mu. Ba ka ji ba ne."

Har Jummai sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Muka zagayo muka dawo ƙarƙashin mangwaron. Terhide ya kashe inji. Na miƙe zan kira mai walda mu sauko da shi, sai Baba Mele ya ce a ɗan bar shi. Yana shafa katakon da tafin hannu, a hankali, gaba da baya.

"Ba zafi," ya ce. "Terhide, gobe ka je."

Sai numfashinsa ya canja. Aondona ne ya fara ganewa. Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa a natse.

"Kalilu, zo nan. Faɗa masa abin nan da kuke faɗa."

Na durƙusa kusa da kunnensa na yi kalmar shahada. Na sake yi. Leɓensa ya bi ni har ƙarshe. Hannun da ke shafa katakon ya tsaya. Aondona ya sa babban yatsansa mai kaushin fartanya ya rufe masa ido, a hankali ƙwarai, sannan ya ci gaba da riƙe kan, bai motsa ba har maza suka taru.

Kafin duhu aka yi masa sutura. Washegari Terhide ya ce ba zai iya fita ba, Jummai ta leƙo daga cikin gida ta ce ai ya ji abin da Baba ya ce. Ya tafi, ya dawo da yamma da doya har saman bodi, da mata a kai. Suka sauko suka shiga wurin Jummai gaisuwa, cikinsu har da mai tabo a ƙwauri.

Mu maza muna zaune a tabarmi a ƙofar gida, ana ta shigowa ana addu'a ana shafawa. Aondona yana can gefe a kujera, hularsa a gwiwa. Da aka gama sauke doyar, na ga ya tashi ya karɓi tsintsiya a wurin Sakinatu. Ya hau bayan motar da ƙyar, ya share ƙasar da doya ta bari. Sannan ya zaro 'yar kwalbar mai da tsumma daga aljihu, ya durƙusa, ya fara goge falankan ɗaya bayan ɗaya, jan katakon yana ƙara fitowa a duk inda hannunsa ya wuce.